Layin da Malam Wa-ya-ce Ya Bari da Fensir

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar Malam Wa-ya-ce, jikarsa ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa, ta buɗe, ta ƙirga littattafan rubutu sittin da huɗu. Irin na 'yan makaranta ne masu layi-layi, kowanne Malam ya yi masa riga da takardar buhun siminti, ya buga masa lamba a goshi. Tarihin garin ne kaf a ciki, tun daga wanda ya haƙa rijiyar farko har shekarar da aka jawo wutar lantarki. Hedimastan firamare ne ya roƙa a buga su a kwamfuta. Nan da wata uku za a buɗe sabon ɗakin karatu a makarantar, za a sa masa sunan Malam, ana kuma so duk wanda ya shiga ya tarar da littafin tarihin a kan tebur.

Ba a zauna shawara kan wanda zai yi aikin ba. Jikoki ashirin da uku ya bari, amma ɗaya ce ya raɗa wa suna Sakatariya tun tana shekara bakwai, sunan kuwa ya bi ta har ta zama sakatariya ta gaske a wani kamfanin sufuri. Ita ta fi kowa saurin hannu, ita kuma ta fi kowa iya karanta rubutunsa, wanda a ƙarshen rayuwarsa ya koma kamar sawun kaji a tsakar gida.

Shi ma nasa sunan mutanen gari ne suka raɗa masa, kuma ba su zalunce shi ba. In ka ce masa, "Malam, an ce za a tashi kasuwa daga inda take," sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dube ka ta sama, ya ce, "Wa ya ce?" In ka sake cewa ai an ce ne, sai ya ce, "Shi An-ce ɗin nan ɗan gidan wa ne? Nuna mini ƙofarsa in je mu gaisa." Shekara saba'in yana wannan tambayar, har ta kai masu gulma in sun hango kekensa sai su koma hirar damina.

Ɗan mai gyaran takalma ne. Sai da ya kai shekara goma sha ɗaya aka tura shi makaranta a wani gari mai nisan yini guda a ƙafa, ya zauna aji ɗaya da yaran da ba su kai kafaɗarsa ba. Ya dawo yana ɗan shekara ashirin, da takardar malanta da riga biyu. Makarantar garinsu a lokacin aji ɗaya ce tal, bangon ƙasa, rufin ciyawa, malami ɗaya da maigadi ɗaya. Shi ne malamin. Da safe ya koyar da yara, da yamma liƙis ya kunna fitila ya koyar da iyayensu. Shekara arba'in da biyu ya yi yana shan ƙurar alli, ya bar makarantar da aji goma sha huɗu. Direbobin tasha, ma'aikatan asibiti, masu shaguna, kusan duk wanda ya iya sa hannu a takarda a garin ta hannunsa ya bi. Ko bayan ya yi ritaya, in ka laluba aljihun rigarsa sai ka fito da guntun alli.

Ba za a ce ba shi da halinsa ba. Taurin kai gare shi, kuma yakan gyara wa mutum zance ko a ina ne. An taɓa zaman gaisuwar wani mamaci, ana yabonsa ana cewa shi ya dasa bishiyoyin bakin hanya, Malam ya ɗaga yatsa cikin jama'a ya ce, "Wansa ne ya dasa." Iya, matarsa, ta yi kwana biyu ba ta ce masa uffan ba. Shi kuwa bai ma lura ba, don lokacin yana rubuta labarin gada.

Amma a wurin jikoki wani mutum ne daban. Kowane jika, ranar da zai fara makaranta, Malam ne ke riƙe hannunsa har ƙofar aji, sannan ya tsaya jikin taga kamar mai duba gini, har a kaɗa ƙararrawar hutu. Takalmansu shi ke ɗinkewa da basillar da ya gada wurin ubansa. Lokacin da mahaifin Sakatariya ya rasu, ta dawo gidan tare da mahaifiyarta, yarinya ce da ta daina magana, sai kallo. Bai lallashe ta ba, bai ce ta yi haƙuri ba. Ya ɗora ta a bayan keke, ya ɗora mata jakar littattafai a cinya ya ce, "Riƙe nan, Sakatariya, aiki ya yi mini yawa." Haka suka dinga zaga gari duk Asabar, daga gidan tsoho zuwa gidan tsohuwa, yana tambaya yana rubutu. A gidan wata tsohuwar ungozoma bakin yarinyar ya buɗe. Tsohuwar ta ce an ce a da kogi ta nan yake bi, kafin Malam ya sauke tabarau sai aka ji 'yar murya daga gefe ta ce, "Wa ya ce?" Ya yi dariya har da hawaye, ya kuma ba da wannan labarin ya fi sau ɗari.

A waɗannan zagaye ta koyi ƙa'idarsa. Duk abin da ya ji da fensir yake fara rubutawa, ya sa sunan wanda ya faɗa a gefen shafi. Baki ɗaya, fensir. Baki biyu, fensir. Sai ya sami baki uku, ya kuma tabbatar babu wanda ya ɗauko daga wurin ɗan'uwansa, kowa ta hanyarsa ya sani, sannan zai ɗauko alƙalami ya bi kan fensir ɗin da tawada. Abin da ya tabbata ƙarya ne ba ya gogewa, rula yake ɗorawa ya ja masa layi ɗaya. Akwai maganar da ta yi shekara talatin tana jiran baki na uku. Akwai wadda masu saninta suka ƙare, ta zauna a fensir har abada. Iya ba ta iya karatu ba, amma ita ke feƙe masa fensir da reza, ita ke cika alƙalami, kuma daga bakin ƙofa tana iya gaya maka shafin da mijinta ya yarda da shi da wanda yake shakka.

Sakatariya ta san duk wannan sarai. Ita kwamfuta kuwa ba ruwanta da wani fensir, duk abin da ka ba ta baƙi take fitarwa. Abin ya faɗo mata a rai sau ɗaya, tana cikin littafi na biyu, ta ce wa zai damu da wannan, ga lokaci yana ƙurewa. Sunayen gefen shafi ma ta bar su, don za su cika takarda. Ta saki hannu. Kullum in ta taso daga ofis sai ta zauna a teburinsa, ta ture kwalbar tawada gefe, ta yi ta bugu. Cikin sati shida ta gama, shafi ɗari uku da 'yan kai, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Ta ji daɗin kanta ƙwarai. Ta kai wa Hedimasta kwafi ɗaya, shi kuma don murna ya tara kwamitin makaranta ya karanta musu wasu wurare, su kuma suka kwasa suka kai gida.

Ranar Lahadi da hantsi Iya na zaune a baranda tana tsince wake a faranti, Sakatariya ta jawo kujera ta ce bari ta karanta mata aikin. Iya na ji tana gyaɗa kai, wani wuri ta yi tsaki ta ce ai ita ta ba shi wannan labarin, ko godiya bai yi ba. Har suka zo wani ɗan gajeren wuri.

"Shekarar gobara," Sakatariya ta karanta. "Maigadi ya bar garwashin shayinsa a bayan aji, iska ta kwasa, aji ya ƙone ƙurmus. Sufeton makarantu ya zo bayan kwana uku ya sallame shi."

Hannun Iya ya tsaya cak cikin wake. "Da me ya rubuta wannan?"

"Iya, ai a nan duk rubutun ɗaya ne."

"Ban tambaye ki nan ba, 'yar nan. Da me ya rubuta?"

Sakatariya ta shiga ɗaki ta ɗauko littafi na uku. Fensir ne, ya dushe har sai an karkata shafin wajen haske. A gefe sunaye ne jere, sun gangara har ƙasa, ta ƙirga talatin da ɗaya. Baki talatin da ɗaya, amma bai taɓa bi da tawada ba. Can ƙasan sunayen, da ƙananan haruffa, ya rubuta: Ɗaga bangon baya.

Ta juya littafin, ta sa farce ta ɗaga naɗin takardar siminti. Rubutu ne a ɓoye, shi ma da fensir.

Ba garwashi ba ne. Fitilar ajin yamma ce. Na ajiye ta a kan benci kusa da tarin tabarmi, aka aiko jaririna ba lafiya, na fita da gudu ban kashe ba. Sufeto ya tambaye ni, na yi shiru.

A gefe, inda sunaye ke zama, ya sa: Baki ɗaya, ni.

Ta koma ɗaki da sauri, ta ɗaga bangon littafi na huɗu. Yana nan. Na biyar, yana nan. Na ashirin, na arba'in, har na sittin da huɗu inda hannunsa ke rawa. Duk lokacin da ya yi wa sabon littafi riga sai ya sake rubuta maganar, kalma bai canza ba, sau sittin da biyu.

Ranta ya ɓaci, ba kaɗan ba. Ta fito baranda da littafin a hannu. "Mutumin da ya kunyata masu makoki saboda bishiya! Ashe ƙa'idar tasa ma wurin ɓuya ce. Baki ɗaya, sai ya bar ta a fensir ya kwanta barcinsa, bawan Allah kuma ya tafi da sunan mai ƙona makaranta."

"Wa ya gaya miki yana barci?" in ji Iya. Ta ajiye faranti. "In za ki zage shi, kar ki zage shi shi kaɗai. Kama ni in tashi."

Ta dafa bango har ɗakinta, ta durƙusa gaban tsohon kabad, ta ciro wani ƙulli daga can ƙasa. Ta kwance tsumma uku kafin abin ya fito. Gindin fitila ne, ya ƙone ya murɗe, babu gilashi.

"Fitilata ce," in ji Iya. "Ni na zuba mata kananzir da la'asar, na ga ya fita da ita, na ga ya dawo babu ita. Gari na wayewa na riga kowa zuwa, na tono ta cikin toka na ɓoye a zanina. Kawunki kwanansa tara a duniya, jikinsa zafi zau. In an kori Malam, ina za mu sa kanmu? Sau ɗaya ya ce in bari ya sa sunana a gefe. Na ce ranar da ya sa, ranar zan bar masa gidansa. Bai ƙara tambayata ba."

Sakatariya ta zauna a bakin gado. "Shi maigadin fa, Iya?"

"Dako ya koma yi a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. 'Yarsa ai kin san ta. Goggo Tela ta bayan tasha."

Ta san ta mana. Ita ta ɗinka musu kayan makaranta su duka. Ta kuma sha jin manya in za su yi kwatancen shagon suna cewa "wurin 'yar mai gobara," ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Litinin da rana ta nemi izini a ofis ta je wurin Hedimasta. Ɗalibin Malam ne shi ma, har yau in ya ambaci sunansa sai ya gyara zama. Ya karanta bangon littafin, ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar, ya tashi ya tura ƙofa.

"Wannan ya tsaya tsakanina da ke," in ji shi a hankali. "Cire layin maigadi, wannan kuma kar ki sa. Rubuta aji ya ƙone, shi ke nan, ba ki yi ƙarya ba. Kin san halin mutanenmu. In suka ji, sai a ce a canza sunan ɗakin karatu. Mutum ya yi shekara casa'in da uku da mutuncinsa, mu kuma mu zubar masa a yini ɗaya?"

Gaskiya maganar ta shige ta. Tana son kakanta, tana so ta ga sunansa a saman ƙofar nan, kuma hanyar da Hedimasta ya nuna mai sauƙi ce. Har ta miƙa hannu za ta ɗauki littafin ta ce to, sai wani abu ya faɗo mata.

"Ranka ya daɗe, ranar da ka karanta wa kwamiti, ka karanta wurin gobara?"

Ya dubi tebur. "Na karanta."

Nan ta gane girman abin da ta yi. Shekara saba'in magana na yawo a gari a matsayin an-ce, Malam ya riƙe ta a fensir ya hana ta zama tarihi. Ita kuma ta zo cikin sati shida ta zuba mata tawada, da sunansa a kai. Yanzu kowa zai ce ai Malam Wa-ya-ce ma ya rubuta, wanda ba ya rubuta abin da bai tabbata ba.

Daga makaranta bayan tasha ta nufa. Shagon Goggo Tela ɗan siriri ne, keken ɗinki na ƙafa a bakin ƙofa don haske, ƙyallaye a buhu, benci ɗaya na baƙi. Tsohuwar ta kai tamanin, tabarau ɗaure da zare a ƙeya, ƙafa na kan keke.

"Ina wuni, Goggo."

"Lafiya lau, Sakatariya. Ya ƙarin haƙuri?" Ba ta ɗaga kai ba. "Na ji. An zo har nan an gaya mini, wai Malam ya rubuta da hannunsa. Na ce to, in Malam ya rubuta ai magana ta ƙare."

Sakatariya ta matso kusa da keken. Ta buɗe littafi na uku, ta ɗaga bangon, ta ɗora a kan keken. Goggo ta tsayar da ƙafa. Ta karanta a hankali, yatsa a ƙarƙashin layi, leɓe na motsi, daidai yadda Malam ke koya wa 'yan aji ɗaya. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Sannan ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

"Shekarata tara," in ji ta. "Ni ke kai wa Baba garwashi daga gida a kasko, don ya dafa shayi. Ranar ban ma isa ba. Kaskon na hannuna, ina kan hanya, na hango wuta ta tagar aji, daga ciki take ci. Garwashin da aka ce ya ƙona makaranta, ni na zubar da shi a kwata da hannuna na ruga."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Goggo?"

"Baba ya ja kunnena. Kwana biyu da sallamarsa Malam ya zo gidanmu yana kuka kamar yaro, ya ce zai bi Sufeto ya faɗi gaskiya. Baba ya ce masa zauna. Ya ce, 'In an kore ni gari ya rasa maigadi, gobe a sami wani. In an kore ka wa za su turo? Yarinyar nan harafi shida kawai ta iya.' Ina bayan ƙofa ina ji." Ta goge ido da bakin mayafi. "Baba ya ɗauka shekara ɗaya za a yi a manta. Bai san har jikokinsa za su ji a baki ba."

Wata mota ta wuce ta tayar da ƙura, Goggo ta ja ƙyalle ta rufe ɗinkin da ke kan keke.

"Duk shekara sai kakanki ya kawo mini riga wai in gyara. In juya ta in sake juyawa, babu inda ta yage. Ya zauna a bencin nan da kike, ya buɗe baki, ya rufe, sai ya tambaye ni lafiyar keken ɗinki. Babu tsoho ko tsohuwar da bai tsare da tambaya ba a garin nan. Ni kaɗai bai taɓa tambaya ba."

"Da ya tambaya fa?"

"Da na faɗa. Shi ya sa bai tambaya ba." Ta ɗan yi murmushi, hawaye na zuba. "Na yi fushi da shi shekara da shekaru. Kuma shi ya koya mini karatu, ya koya wa 'ya'yana biyar, bai taɓa gajiya da mu ba. Duka biyun gaskiya ne, 'yata. Ban san yadda za ki buga su a injinki ba."

Sakatariya ta ciro fensir daga jaka. "Goggo, in sa sunanki a gefe?"

"Sa. Ki rubuta da kyau, yadda za a gani."

Sakatariya ta isa gida da la'asar, ta tarar da Iya a inda ta saba zama. Ta durƙusa gabanta ta nuna mata gefen shafin. Iya ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga layi.

"Biyu ke nan, Iya. Saura ɗaya."

Tsohuwar ta kau da kai. "Shi da ya roƙe ni na hana shi, sai ke da aka haifa jiya?" Sakatariya ba ta tashi daga durƙuson ba. Kaji suka zo suka zaga su suka wuce. Can Iya ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kawo mini kwalbar tawada."

Iya ce ta cika alƙalamin da kanta, ko ɗigo bai zuba ba. Sakatariya ta rubuta sunan Iya a gefe. Iya ta ce ba ta yarda da sunan da ba ta iya gani ba, ta tsoma babban yatsa a bakin kwalba ta dangwala kusa da shi. Sannan Sakatariya ta zauna a teburin kakanta, ta ɗora alƙalami a kan harafin farko, ta fara bi. Ta bi kowace lanƙwasa ta hannunsa yadda ya bari. Tana bi tana kuka, don fushin ya tafi, tausayi ne ya rage. Ta ga saurayi ɗan shekara ashirin da biyu da tsoro ya rufe wa baki, ta ga tsohon da ya zo bakin magana sau sittin da biyu ya kasa ƙarasawa. Da ta gama ta buɗe shafin gobara, ta ɗora rula a kan layin maigadi, ta ja layi ɗaya.

Sati huɗu ta ƙara tana bin aikin shafi-shafi da littattafan a gefe. Abin da yake tawada ta bar shi baƙi, abin da yake fensir ta mai da shi toka-toka, ta kuma dawo da sunayen gefe duka. Sai ga shi fiye da rabin littafin toka-toka ne. Hedimasta ya ce wannan ai kamar injin ne tawada ta ƙare masa, amma bai hana ba. A kwamiti an yi ka-ce-na-ce, mutum biyu suka dage a cire sunan Malam daga ƙofar. Goggo Tela ce ta rufe shago ta dogara sanda har makaranta, ba wanda ya gayyace ta. Ta ce, "Babana ya bar aikinsa don malamin nan ya zauna. In kun cire sunan, kun kore su duka biyun ke nan." Ba a sake tayar da maganar ba.

Ranar buɗe ɗakin karatu aka ajiye wa Iya kujera a bakin ƙofa, Goggo Tela a gefenta, sunan Malam a sama da sabon fenti. Sakatariya na tsaye bayansu tana kallon mutane na shiga layi-layi, kowa ya je teburin sai ya nemi shafi ɗaya. Duk wanda ya fito sai ta dubi fuskarsa. Wasu suka fito shiru. Wani dattijo ya tsaya ya gaida Goggo har ƙasa, ya kira ta da sunan sana'arta kawai.

Sai ga wasu samari biyu da ba su shiga ba tukuna, ɗaya ya matsa kusa da ɗan'uwansa yana rage murya. "Kai, ka ji? An ce wai Malam da kansa ya ƙona ajin farko."

Iya, wadda sai an ɗaga murya sau biyu take jin sallama, ta ji wannan sarai. Ta miƙa sanda ta taɓa ƙafar saurayin har ya juyo.

"Ba an ce ba ne, yaro," in ji ta. "Shi ya ce, wannan ta ce, ni ma na ce. Shiga ka duba, da tawada yake."